Kurakuran da aka fi yi wajen auna cinikin shugabannin ƙungiyoyin NBA

Da zarar an ɗaga kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a watan Yuni, 'yan wasa sun tafi hutu, sai aiki ya koma hannun mutanen ofis. A ƙarshen Yuni ake zaɓen sababbin 'yan wasa, wato diraf, farkon Yuli kuma kasuwar waɗanda kwantiraginsu ya ƙare take ci. Cikin 'yan makonnin nan janar manajan kowace ƙungiya yake yanke shawarwarin da za su bi ta har shekara biyar ko fiye. Mu kuwa 'yan kallo, kafin gari ya waye mun gama shari'a: wane gwani ne, wane a sallame shi. Yawancin hukuncin nan ba ya kai labari, kuma kusan wuri ɗaya muke tuntuɓe kowace shekara.

Tuntuɓen farko namu ne na musamman, mu da muka taso da ƙwallon ƙafa. Mun saba ƙungiya mai kuɗi ta zuba miliyoyi ta ɗauke ɗan wasan da take so, shi ya sa za ka ji ana cewa, "Me ya hana shi sayen wane?" A NBA ba a sayen babban ɗan wasa daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi. Musaya ake yi, mutum da mutum ko mutum da gurbin diraf, wato damar zaɓen sabon ɗan wasa, kuma idan ƙungiya ta haura iyakar albashi, wato iyakar da NBA ta sa wa jimillar albashin kowace ƙungiya, dole albashin da ta karɓa ya yi kusa da wanda ta fitar. Iyakar nan a kakar 2025-26 dala miliyan 154.6 ce. Ana iya haura ta, amma can sama akwai haraji, sannan yarjejeniyar 2023 ta ƙara wani shinge: ƙungiyar da ta tsallake shi ba ta da ikon haɗa albashin 'yan wasa biyu ta karɓi mai tsada ɗaya, ba ta da ikon saka kuɗi a cikin musaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa Boston Celtics, wadda ta ci kofi a 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a bazarar 2025, bayan jijiyar dugadugin Jayson Tatum ta tsinke. Kafin ka zargi manaja da rowa ko rashin zuciya, duba jimillar albashin ƙungiyarsa tukuna, ka ga ƙofofin da doka ta bar masa a buɗe.

Sai ruɗuwa da babban suna. A 2013 Billy King na Brooklyn Nets ya kawo Kevin Garnett da Paul Pierce daga Boston, aka yi ta murna. Garnett na da shekara 37, Pierce 35. Abin da Brooklyn ta bayar kuwa har da guraben zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da damar musayar gurbi a 2017, ba tare da wani sharaɗin kariya da zai bar mata gurbin idan ya faɗo a sahun gaba ba. Zagaye ɗaya tak Brooklyn ta tsallake a wasannin fidda gwani na 2014, Pierce ya tafi bayan kaka ɗaya, ƙungiyar ta rufta ƙasan tebur. Danny Ainge na Boston ya ɗauki Jaylen Brown da gurbin 2016, na 2017 kuma ta hanyarsa Tatum ya zo. Gyaran ba shi da wuya. Rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da shekarun kowa, da tsawon kwantiraginsa, sannan ka tambaya ko guraben da aka bayar suna da kariya idan ƙungiya ta lalace. Ka kuma tambaya ko sabon zai dace da waɗanda ya tarar. Russell Westbrook ya taɓa zama gwarzon ɗan wasan NBA, amma da Lakers ta haɗa shi da LeBron James a 2021, mutum biyu da kowanne sai da ƙwallo a hannunsa yake amfani, ta kuma sallami Kentavious Caldwell-Pope da Kyle Kuzma masu jifa daga nesa, wasa 33 kacal ta ci cikin 82.

Kuskuren da ya fi wuyar gyara shi ne auna shawara da abin da ta haifar kawai. A nan labarin Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya ya kuma shugabanci Toronto Raptors, ya fi kowanne koyarwa. A 2018 ya sallami Dwane Casey, kocin da aka ba lambar gwarzon koci na kakar, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse. A watan Yuli ya ba San Antonio Spurs DeMar DeRozan, ɗan lelen mutanen Toronto, da Jakob Poeltl da gurbin diraf ɗaya, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Leonard wasa 9 kaɗai ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, saura shekara ɗaya kuma ya sami damar tafiya inda ya ga dama. Toronto Raptors ta ci kofi a 2019, yau kowa cewa yake Ujiri ya hango abin da ba wanda ya hango.

To, a kan hanyar kofin, a wasa na bakwai na raba gardama da Philadelphia, ƙwallon Leonard ta ƙarshe sai da ta yi tsalle huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. A wasannin ƙarshe Kevin Durant da Klay Thompson na Golden State, abokiyar karawar Toronto, duk sun ji mummunan rauni. Da ƙwallon nan ta fito waje, Philadelphia ta yi nasara a ƙarin lokaci, Leonard ya tafi abinsa kamar yadda ya yi daga baya, da mutanen da ke yabon Ujiri su ne za su ce ya wulaƙanta DeRozan a banza. A ganina cinikin daidai ne ko da kofi ko babu. LeBron ya fitar da Toronto shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, biyun ƙarshe ba ta ci ko wasa ɗaya ba, wato tsohon tsarin ya kai maƙurarsa. LeBron ya koma Lakers da ke rukunin yamma a wannan bazarar, hanyar rukunin gabas inda Toronto take ta buɗe. Farashin kuma mai sauƙi ne, domin Pascal Siakam da OG Anunoby da Fred VanVleet duk suna nan ba a taɓa su ba. Duk waɗannan sanannun abubuwa ne a ranar da aka ƙulla cinikin, kuma da su ya kamata a auna shi.

Ka kwatanta da Clippers shekara ɗaya bayan haka. Don su sami Leonard sai da suka kawo Paul George, suka ba Oklahoma City Thunder Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da guraben zagayen farko biyar da damar musaya biyu. Ba wanda zai rantse a 2019 cewa Shai zai zama gwarzon NBA ya kuma ci kofi a 2025, don haka ba adalci ba ne a ɗora musu laifin rashin sanin gaibu. Abin da za a iya tuhumarsu da shi tun ranar shi ne sun jinginar da shekaru masu yawa kan mutum biyu da kowanne ke da tarihin rauni, ba su bar wa kansu mafita ba.

Gaggawa ma tana cikin sahu. An yi wa Tim Connelly na Minnesota dariya son rai a 2022 da ya ba Utah 'yan wasa biyar da gurabe huɗu don Rudy Gobert, kakar farko kuma ta yi kama da ta gaskata masu dariyar. A ta biyu Gobert ya zama gwarzon mai tsaron baya, Minnesota ta kai wasan ƙarshe na yamma karo na farko tun 2004. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Musaya tana buƙatar kaka biyu ko uku kafin a yi mata hisabi, diraf kuwa ya fi haka.

Akwai kuma firgita da yawan daloli. Albashi mafi girma a NBA kaso ne na iyakar albashi, 25 ko 30 ko 35 cikin ɗari gwargwadon daɗewar ɗan wasa da lambobin yabonsa, saboda haka duk shekarar da iyakar ta tashi sai a ji an kafa sabon tarihi. Raba albashin shekara da iyakar wannan shekarar, kason da ya fito shi ne gaskiyar tsadar. Sai dai a kula da tarkon 2016, lokacin da kuɗin talabijin ya ɗaga iyakar daga dala miliyan 70 zuwa 94 a tashi ɗaya. Lakers ta ba Timofey Mozgov miliyan 64, ta ba Luol Deng miliyan 72, kowanne shekara huɗu, kamar haka iyakar za ta ci gaba da tashi. Shekara mai zuwa miliyan 99 ta tsaya.

Wani lokacin ma ba manaja ke da ta cewa ba. Aljihun mai ƙungiya ne ke yanke ko za a biya haraji, kuma duk wanda zai yi maganar yadda Sam Presti na Thunder ya miƙa James Harden ga Houston a 2012, 'yan watanni bayan Thunder ta buga wasan ƙarshe, dole ya sa lissafin harajin a ciki.

Saura sa'a, wadda muke yawan kira basira. Denver ta ɗauki Nikola Jokic a gurbi na 41 a 2014, ana ta jinjina wa Connelly, wanda shi ke riƙe da ƙungiyar a lokacin. Amma a daren ita kanta Denver ta fara mallakar Jusuf Nurkic da Gary Harris kafin ta waiwayi Jokic. Da ta san abin da zai zama, ba za ta bar shi ya kai can ba. Ba a gane idon manaja da zaɓe ɗaya, sai an jera na shekaru an duba. A jerin Connelly akwai Jamal Murray a gurbi na 7 a 2016 da Michael Porter a na 14 a 2018. A ciki kuma akwai gurbi na 13 na 2017 da ya ba Utah, wanda ya zama Donovan Mitchell, da na 27 na 2013 da Denver ta sakar wa Utah kan 'yan kuɗi da gurbin zagaye na biyu, kwanaki kaɗan da kama aikinsa. Wanda aka ɗauka da gurbin shi ne Rudy Gobert.