Yadda ake gano matsalar inji da giya a jirgin ruwa na hannu mai inji a ciki

Jirgin ruwan da aka girke injinsa a ciki, saɓanin wanda ake rataya wa inji a baya, yana tafiya ne da sassa uku: injin kansa, akwatin giya, da sandar da ke ratsa ƙasan jirgi tana juya farfela. Wanda ya sayi irin wannan jirgi na hannu yakan yi saurin ɗora wa giya laifi da zarar jirgin ya ƙi ja, alhali sau da yawa akwatin lafiyarsa ƙalau. Saboda haka, kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, sai a gwada kowane sashe shi kaɗai.

Idan injin na fetur ne, a kunna fankar fitar da iska har minti 4 kafin a taɓa makulli, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan jirgi. Daga nan a zaro sandar awon baƙin mai. Man da ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa alama ce ta ruwa ya shiga, kuma a injunan ruwa irin su MerCruiser da Volvo Penta ba gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, kaɗai ake tuhuma ba, har da bututun ƙarfen salansa da ruwa ke bi ta jikinsa, wanda tsatsa ke cinyewa daga ciki, musamman a jirgin da ya yi aiki a ruwan gishiri. Idan an murɗa makulli ba a ji ko motsi ba, a tabbatar hannun giya yana firi sosai, don akwai ɗan makunnin da ke hana inji tashi cikin giya, kuma yakan sa a zargi batir a banza.

Da inji ya tashi, a leƙa bakin salansa. Dole ne a ga ruwa yana fita tare da hayaƙi. In ba a gani ba, a kashe nan take. Wannan inji ba shi da lagireto irin ta mota, ruwan da jirgi ke yawo a kansa shi yake zuƙa, ya bi ta matata, sannan famfo mai robar fikafikai ya tura shi. Ciyawa da leda kan toshe matatar, robar kuma takan ƙone cikin ɗan lokaci idan ta juya a bushe. In an tarar da fiffike ya karye, a bi tiyo a nemo guntun, domin barinsa a ciki zai sa inji ya ci gaba da zafi ko da an sa sabuwar roba. A kuma auna ƙarfin matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana nuna ring ko bawul sun gaji.

Game da giya, gwajin da ya fi kowane amfani ba ya cin ko kwabo. A ɗaure jirgi tamau, a cire kebul ɗin giya daga hannun da ke jikin akwatin, a bar inji a sulo, wato yana juyi a hankali ba a ba shi wuta ba, sannan a tura hannun zuwa gaba, a dawo firi, a sa ribas. Idan giya ta shiga sumul, laifin na kebul ne: ko ya saki, ko ya ci tsatsa, ko ba ya kai hannun ƙarshen tafiyarsa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, saboda giyar da ke shiga rabi-rabi ita ce ke ƙona kuloci a hankali. Idan kuma tana shiga da bugu mai ƙarfi, a duba sulo, wanda a yawancin injunan fetur bai kamata ya wuce juyi 600 zuwa 700 a minti ba. Ƙarar kwaram-kwaram da ake ji a sulo, ta ɓace idan an ƙara wuta, galibi daga farantin sifirin da ke tsakanin inji da akwati take.

Sai man giyar. Akwatunan giya samfurin Velvet Drive suna amfani da jan man giyar atomatik, wanda ya kamata ya kasance garau. Baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin kuloci na zamewa, wanda ya yi kauri ya koma ruwan hoda kuwa yana nufin na'urar sanyaya man ta huje.

Duk wannan bai isa ba sai an fita kan ruwa, domin inji mai rauni yakan yi daɗin ji a firi. A buɗe wuta duka, a dubi agogon juyi, a kwatanta da adadin da kamfani ya rubuta wa injin. Idan juyi ya haura amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ko farfela na zamewa. Idan juyi ya kasa kaiwa, ga kuma baƙin hayaƙi, a duba ko igiya ta naɗe farfela, ko ƙasan jirgi ya yi datti, sannan matatar mai, wadda ruwan tanki ke yawan cikawa a jirgin da ya daɗe a ajiye. Girgizar da ke zuwa cikin giya kaɗai tana nuni ga lanƙwasasshiyar farfela ko sandar da ba ta daidaita da akwati ba, kuma ana auna wannan daidaito ne jirgi yana kan ruwa, domin jikinsa yakan ɗan canja zama idan an ɗora shi a tudu.