Yadda Ake Shirya Tafiyar Jirgin Ruwa Zuwa Antatika Don Ganin Namun Dajinta

Abu biyu ne ke yanke abin da matafiyi zai gani a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya: girman jirgin da ya hau, da watan da ya tafi. Kyan ɗaki da daɗin abinci duk a baya suke. Don haka a fara da waɗannan biyun kafin a biya ko kwabo.

Da farko a duba adadin fasinjojin jirgin. Ƙungiyar kamfanonin da ke kai masu yawon buɗe ido yankin, IAATO, wadda aka kafa a 1991, tana da ƙa'idoji: ba a sauke mutum fiye da 100 a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowane mutum 20 da jagora ɗaya, kuma jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba ya sauke kowa, sai dai kallo daga cikin jirgi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, a jirgi mai mutum 100 kowa zai sauka tare, sau biyu a rana idan yanayi ya yarda. A mai mutum 200 sai a raba ku gida biyu, rabi a ƙasa, rabi na zagayawa a ƙaramin kwalekwale. Daga nan zuwa sama, jira ya fi sauka yawa. Duk wanda dabbobi suka kai shi, ƙaramin jirgi ya fi masa, ko da zai fi jijjiga a teku. A kuma tabbatar kamfanin ɗan IAATO ne, kuma an ƙera jirgin don shiga ruwa mai ƙanƙara. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: a Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya nutse bayan ƙanƙara ta huda shi, sai dai an ceto duk mutum 154 da ke ciki.

Sai wata. Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Maris, lokacin zafin kudancin duniya. A Nuwamba ƙanƙara sabuwa ce fara fat, fengwin, tsuntsayen teku da ba sa tashi sama, na neman juna suna tara tsakuwa don gina sheƙa, amma wasu mashigai na nan a toshe. Daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu ƙwai ke ƙyanƙyashewa, rana kusan ba ta faɗuwa, kuma a nan kuɗin tafiya ya fi tsada. Fabrairu da Maris lokacin wel ne, manyan dabbobin tekun nan masu shayarwa, waɗanda ke taruwa cin kiril, wato ƙananan jatan landen da kusan duk abin da ke raye a yankin ya dogara da su. A lokacin 'ya'yan fengwin sun girma, sansaninsu ya zama laka da kashi, warin kuwa ana jin sa tun daga cikin ruwa.

Hanya ma a duba ta da kyau. Tafiyar da aka fi yi kwana 10 zuwa 12 ce daga Ushuwaya a kudancin Ajantina zuwa zirin Antatika, wato ɓangaren nahiyar da ya miƙo ta wajen Kudancin Amurka, amma kwana huɗu ko biyar kawai ake yi a can, saura na tafiya ne. A nan za a ga fengwin iri uku: jentu, adeli, da mai zanen baƙin layi a haɓa. Mai son ganin babban irin da ake kira sarkin fengwin dubbai a fili ɗaya sai ya zaɓi hanyar da ke bi ta tsibirin Jojiya ta Kudu, wadda ke cin kusan mako uku. Farin beyar kuwa babu shi a kudu ko ɗaya. Shi na arewa ne, wajen Sibalbad ta ƙasar Nowe, kuma can daga Yuni zuwa Agusta ake zuwa.

Antatika ba ta kowace ƙasa ba ce a ƙarƙashin yarjejeniyar 1959, saboda haka ba ta da biza, amma Ajantina ko Cile na iya buƙata gwargwadon fasfon mutum. A sayi inshorar da ta ƙunshi kwaso mara lafiya ta jirgin sama, domin likitan jirgi ba shi da kayan babbar tiyata. A isa Ushuwaya kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Jirgin sama na makara, jaka na ɓata, jirgin ruwa kuma ba ya jiran kowa.

Daga nan sai mashigin Direk, kimanin kilomita 800 tsakanin ƙarshen Kudancin Amurka da tsibiran Shetland ta Kudu, tafiyar kwana biyu. Babu wata ƙasa da ke tare iska a wannan zagayen duniya, shi ya sa igiyar ruwa ke girma. Maganin jiri da amai kafin a shiga teku ake shan sa. Idan amai ya fara, ƙwaya ba ta zama a ciki. Akwai filastar sikofolamin da ake mannawa a bayan kunne sa'o'i huɗu ko fiye kafin tashi, tana aiki kwana uku, amma ba ta dace da mai ciwon hawan jinin ido ba, don haka a ga likita tukuna. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawan ƙasa ya fi rashin motsi. Kullum hannu ɗaya ya kasance a riƙe da ƙarfen bango, kuma kada a sa yatsu a bakin ƙofa, domin ƙofofin nauyi gare su kuma juyin jirgi na buga su. Wanda ba zai iya ba, akwai jirgin sama daga Funta Arenas a Cile zuwa tsibirin Sarki Joj, kimanin sa'a biyu, sai dai hazo kan hana shi tashi.

Sanyin zirin a wannan lokaci kusa da sifili yake a ma'aunin Selshiyos, iska da jiƙewa ne ke cutarwa. A sa tufafi hawa uku: na jikin fata na ulu ko roba, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare ruwa da iska. Auduga ba ta da amfani a nan, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Wando mai hana ruwa dole ne, kuma a kan takalmin roba ake sauke shi, ba a cusa shi ciki ba, in ba haka ba ruwa ya gangara cikin takalmin. Safar hannu biyu, baƙin tabarau mai tare hasken rana, da man kare fata, domin ƙanƙara na mayar da haske har ta ƙona ido. Batir na mutuwa da wuri a sanyi, a ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki. Kafin a shiga ɗaki mai ɗumi a rufe kyamara cikin jaka, kada raɓa ta taru a cikinta.

Kafin saukar farko za a tara kowa a tsaftace kaya. Ana bin aljihu, ɗinki da Velcro (maɗaurin tufafi mai mannewa) da na'urar zuƙe ƙura, saboda ƙwayar iri ɗaya ta ciyawa na iya tsira a inda ba ta da abokin gasa. Ana wanke takalmi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a fita da dawowa. Abin ya ƙara tsanani tun da murar tsuntsaye ta H5N1 ta isa Jojiya ta Kudu a Oktoban 2023, sannan zirin Antatika a Fabrairun 2024. Yanzu ba a zama, ba a durƙusawa, ba a kwanciya, ba a ajiye jaka a ƙasa.

Sauka da kwalekwalen roba na Zodiac ake yi, mutum 10 zuwa 12, kowa da rigar ceto. Wajen shiga a kama wuyan hannun ma'aikaci, shi ma ya kama naka. Tafin hannu da safa mai jiƙa zamewa yake. A bakin gaɓa a zauna a gefen kwalekwalen, a juya ƙafafu ta ɓangaren teku, sannan a taka cikin ruwa.

A ƙasa, tazarar da aka yarda da ita mita 5 ce aƙalla daga kowace dabba, mita 15 daga sil mai gashi, wata dabbar teku mai shayarwa da ke fitowa gaɓa, wanda ke da gudu a tudu kuma cizonsa na ruɓewa. Dalilin tazarar a fili yake: idan uwar fengwin ta firgita ta tashi daga kan ƙwai, tsuntsun sikuwa na shawagi yana jira, cikin daƙiƙa zai ɗauke. Fengwin na da hanyoyinsu da suka tattake a ƙanƙara tsakanin sheƙa da teku. Kada a tsaya a kansu, domin wanda ya dawo da abincin ɗansa a ciki zai tsaya ko ya koma. Idan ƙafa ta lume ta bar rami mai zurfi, a cike shi, fengwin na faɗawa ya kasa fita. Wanda aka gani tsaye shiru gashinsa na zuba, yana saɓa ne, makonni zai yi bai shiga ruwa ya ci abinci ba, a ƙara masa nisa. Ba a taka gansakuka, girmanta na ɗaukar shekaru masu yawa. Ba a zuwa da abinci, ba a ɗaukar ko tsakuwa ko ƙashi ko gashin tsuntsu, kuma an hana fasinja tashin jirgi mara matuƙi a gaɓar teku.

Jadawalin da ke takarda shawara ce kawai. Iska ko ƙanƙara na iya soke sauka a wuri kamar tsibirin Disefshin ko hana ratsa mashigin Lemer, sai kyaftin da shugaban tawaga su nemi wani lungu. Saboda haka duk saukar da aka sanar a fita, ko da asuba ce, kada a ce sai ta gobe, domin ta goben ana iya soke ta.