Yadda na gyara madafar tsohon gidanmu

Madafar gidanmu a cikin birnin Zariya ginin ƙasa ce, rufin azara. Hayaƙi ba ya fita, gindin bango kullum a jiƙe, filastar simintin da aka yi masa tana ta ɓamɓarewa.

Simintin nan shi ne babban ciwon. Bangon ƙasa yakan sha danshi ya kuma fitar da shi, siminti kuwa sai ya kulle ruwan a ciki, ƙasar ta riƙa zagwanyewa a bayansa. Muka ɓamɓare shi kakaf, muka bar bangon ya sha iskar hunturu har ya bushe ƙarau. Sannan magini ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta tsumu, ya yaɓe, ya bi da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafa wa bango don kare shi daga ruwa. Ruwan wanke-wanke kuma na ja masa kwata har waje, nesa da gindin bango.

Hayaƙi bai ba mu wuya ba, ƙaramar taga muka huda saman murhu, daf da rufi. Azarar da gara ta ci muka canja. Sauran na ƙwanƙwasa su na ji da ƙwarinsu, na hana a taɓa su.