Masu yin logo, ku daina ba kwastoma JPG kaɗai

Salam 'yan uwa masu zane. In za ka yi wa mutum logo don Allah ka zana shi da vekta, wato zanen layi da ba ya fashewa in an ƙara masa girma, a manhajar CorelDRAW ko Illustrator, in babu kuɗinsu ga Inkscape nan kyauta ne. JPG da PNG ɗigo-ɗigo ne aka jera, wato fiksel, to da an ja hoton an kai shi girman bana, wato ƙyallen talla na bakin titi, sai ka ga gefen haruffan ya fashe ya koma kamar matakala, kuma mai shagon kai zai zaga wallahi, ba mai firintin ba. Shi vekta lissafin layi da lanƙwasa kwamfuta ke ajiyewa, ko a katin biki ko a katon allon talla kaifinsa ɗaya, canza kala ma ba wahala.

Kafin ka kai wurin bugu ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Q a Corel ya koma zane, in ba haka ba salon rubutun zai iya canzawa a kwamfutarsu. Ka ajiye shi SVG ko PDF, nau'in fayil ne da ke riƙe vekta. Amma fa hoton da kyamara ta ɗauka fiksel ne, jefa shi cikin Corel ba ya mayar da shi vekta.