Everyday ko every day? Inda muke yawan tafka kuskure

Wallahi abin nan yana damuna, sai ka ga mutum ya iya Turancinsa tsaf, ya yi digiri har ya gama bautar ƙasa, amma ya rubuta I go to work everyday, a haɗe. A allon shaguna ma haka, we open everyday, an biya mai fenti kuɗi ya rangaɗa kuskure da manyan baƙaƙe. Kuma waya ba ta cika ja maka jan layi ba tunda duka biyun akwai su a Turanci, shi ya sa mutane ke wucewa abinsu.

Idan a haɗe take, everyday sifa ce, kafin suna take zuwa ta siffanta shi. Everyday life, rayuwar yau da kullum. Everyday clothes, kayan da kake sawa na zaman gida da shiga kasuwa, ba na sallah ko biki ba. Ka lura fa, ba dole sai abin yana faruwa kowace rana ba, abin nufi shi ne an saba da shi, ba baƙon abu ba ne. Idan kuwa a rabe take, every day, to lokaci take faɗa, wato kullum, kowace rana ta Allah. Don haka daidai shi ne I go to work every day, mai shago kuma ya rubuta we open every day.

Mu Hausawa ma abin ya zo mana da sauƙi, don bambancin yana bakinmu tun tuni. Ka juya jimlar zuwa Hausa a zuciyarka, in ka ji "na yau da kullum" ce ta zauna to ka haɗe, in "kullum" kaɗai ce ta zauna ka raba. Ko ka cire kalmar ka sa each day a gurbinta, in jimlar ta tafi daidai a rabe ake rubutawa. I read each day ya yi, amma each day clothes ai ko a kunne ka san bai yi ba. 'Yan WAEC da NECO ku riƙe wannan da kyau, irin waɗannan ƙananan kurakuran ana rage maki a kansu a rubutun insha'i.

Wasu kuma sai su ce every days, suna ganin ai ranaku ne da yawa. A'a, suna tilo ne ke bin every, sai dai in lamba ta shiga tsakani kamar every 3 days, wato duk bayan kwana 3.

Daily ita kam ba ta da rigima, tana yin aikin biyun. Daily Trust jarida ce mai fitowa kullum, nan sifa ce, take it twice daily da likita ke rubutawa kuma lokaci ne. Kar dai ka haɗa daily da every day a jimla ɗaya, maimaici ne kawai.

Wadda na fi jin tsoronta ita ce mundane. Mutum ya gan ta a ƙamus an fassara ta da na yau da kullum, sai ya ɗauka everyday ce ta 'yan boko, ya sa ta a takardar neman aiki don ya burge. Asalinta daga kalmar Latin mundus ne, wato duniya, amma a Turancin yau galibi tana ɗauke da raini, abu ne mai gundura wanda babu armashi a cikinsa. Ka rubuta wa manaja I handled mundane tasks, ka gaya masa ke nan aikin da ka yi a baya bai taka kara ya karya ba kuma ya ishe ka. A wurin nan daily tasks ko routine tasks za ka rubuta.