Yadda ake zama teburi ɗaya da gwamnatin da ba ka yarda da ita ba

Ni mutumin Jibiya ne, mahaifiyata kuma 'yar Maraɗi. A wajenmu mutum kan karya kumallo a gida, ya ratsa Magama da Ɗan Isa, ya yi azahar a ɗakin kakarsa. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka datse hanya, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke dogaro da ita kusan kashi 70 cikin ɗari. Wata bakwai muka yi cikin wannan hali. Na yi shekaru ina koyar da tarihi, kuma abin da na karanta da wanda na gani da idona su zan haɗa in ba duk wanda wata rana za a sa shi cikin tawagar da za ta fuskanci gwamnatin da ake takun-saƙa da ita.

Tun kafin ka hau jirgi, ka ɗauki takarda uku. Ɗaya ta tsaro. Ɗaya ta abinci, magani, kasuwanci da zirga-zirgar jama'a. Ta ukun ta mutanen da aka tauye wa haƙƙi. Kowace za ka shiga da ita ɗakin taro, amma kada ka ƙulle su da igiya ɗaya har ya zamana in guda ta cije, sauran ma sun tsaya. Haka ƙasashe 35 suka yi a Helsinki a 1975, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke nuna wa juna makaman nukiliya. Sun kasa batutuwan cikin abin da suka kira kwanduna: na tsaro, na tattalin arziki, da na hulɗar jama'a da haƙƙinsu. Masko ta sa hannu saboda tana son a amince da iyakokin Turai na bayan yaƙi, amma da ta sa hannun, 'yan ƙasarta suka samu takardar da za su riƙa ɗaga mata. A taron da ECOWAS ta yi a Abuja ran 30 ga Yulin 2023 kuwa, komai aka rataya a ƙusa ɗaya: a mayar da Bazoum kan kujera cikin mako guda. Da ƙusar ta cire, komai ya zube ƙasa.

Kada ka ba da wa'adin da ba ka shirya cikawa ba. Makon ya wuce, Majalisar Dattawan Najeriya ta nuna ba ta goyon bayan yaƙi, sojojin Yamai kuma suka samu abin tara jama'a a filin wasa.

Yanzu takunkumi, inda na fi so ka daɗe kana tunani. Kafin ka amince da kowane layi, ka tambayi kanka sunan wanda zai fara ji a jikinsa. Ina da goggo a Maraɗi mai ciwon sukari. Allurar insulin ɗinta a firjin maƙwabta ake ajiye ta. Da wuta ta zama sai an ga dama, jikarta ta koma naɗe kwalbar a tsumma mai ruwa tana sa ta a gindin randa, tana taɓawa lokaci-lokaci ta ji ko da sauran sanyi. A wannan gefen kuma na ga tireloli jere a bakin iyaka, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota suna dafa shayi mako bayan mako, kayan gwari na ruɓewa a kansu. Babu janar ko ɗaya da ya kwana da yunwa. Cin abinci da samun magani su ma haƙƙin ɗan Adam ne, kuma ba na yarda da lissafin da zai nemi 'yancin mutum ɗaya a fada ta hanyar matse miliyoyi a ƙauye. In dole sai an hukunta, a nufi masu laifin kai tsaye, a hana su tafiye-tafiye, a riƙe asusunsu. Abinci, magani da wutar asibiti a cire su a rubuce tun ranar farko, a aika wa jami'in kwastan da ke bakin shinge kwafin takardar, domin shi ne zai ɗaga sanda ko ya ƙi. A kuma rubuta ranar da za a sake duba matakin. Sai 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin, ta ce don jin ƙai ne ganin azumi ya ƙarato. A lokacin Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar tun 28 ga Janairu, Bazoum kuma yana nan a tsare.

Layin da jami'an tsaro ke magana da juna ba a yanke shi, komai zafin faɗa. Bayan rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962, abin da Washintan da Masko suka yi shi ne kafa layin sadarwa kai tsaye a 1963, alhali ba su daina gaba ba. Mu iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta taɓa jihohi bakwai daga Kebbi har Borno, kuma ɗan bindiga ba ya tsayawa a buga masa hatimi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaron Najeriya da bakinta ta danganta ƙarfin da Lakurawa suka yi a Sakkwato da Kebbi da raunin haɗin gwiwar da ya biyo bayan juyin mulkin. Ziyarar da babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya kai Yamai a Agustan 2024 abu ne mai kyau, sai dai shekara guda ta riga ta tafi. Don haka ko shugabanni ba sa gaisawa, ka nemi a rubuta cewa kwamandan wannan gefe zai ci gaba da ɗaga wayar na wancan gefe. Amma ka sa sharaɗi a kan abin da za ka ba su: bayanin ɗan ta'adda daban, bayanin ɗan adawa ko ɗan jarida da ya tsallako neman mafaka daban. Na biyun ba a miƙa shi.

Wanda za a aika ma abin dubawa ne. A farkon Agustan 2023 tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta je Yamai ta dawo ba ta ga jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tchiani, ba, saboda ta zo da wa'adi a bayanta. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe wa Muhammadu Sanusi na Biyu ƙofa, aka kuma buɗe wa malaman da Sheikh Bala Lau ya jagoranta, daga baya Abdulsalami ya koma ya ga Tchiani har da Bazoum. Malami ko basarake ba shi zai sa hannu a yarjejeniya ba, amma shi ake jin nauyin mayarwa daga ƙofa. Ka bar shi ya shige gaba, kai ka biyo da takardu.

Mafi wuya ita ce takarda ta uku. Da yawa daga cikin masu zuwa sulhu kan ninke ta su sa a aljihu don kada a ɓata zama, wasu kuma su karanta ta gaban 'yan jarida don a tafa musu a gida. Ka shiga da sunaye da buƙatu ƙanana da za a iya biya yau: likita ya ga wane, lauya ya ga wane, a kai wane gaban alƙali ko a sake shi. Ka faɗe su cikin ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa, a kowane zama ba fashi. Wasu Kiristoci 'yan Sibiriya sun fake a ofishin jakadancin Amurka a Masko tun 1978 suna neman izinin barin ƙasar. A 1983 Ronald Reagan ya roƙi jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin a asirce, ya yi alkawarin ba zai yi tutiya ba in aka sake su. Aka bar su suka fita, ya kuma riƙe bakinsa. Kwatanta da dokar Jackson-Vanik ta 1974, wadda ta ɗaure cinikin Amurka da barin Yahudawa su yi hijira daga Tarayyar Sobiyet, a bainar jama'a: waɗanda aka bari suka fita sun ragu daga kusan 35,000 a 1973 zuwa kimanin 13,000 a 1975. Mai mulki na iya ba ka abu da sunan alheri, amma da wuya ya ba ka in duniya za ta ce ka murɗe masa hannu. A gida ma mun gani. Kotun ECOWAS ta ba da umarnin sakin Bazoum a Disamban 2023, aka yi biris da ita. Ɗansa Salem kuwa ta hannun Togo, wadda ba ta daina gaisawa da Yamai ba, ya fito a Janairun 2024.

Wannan ba izinin yin shiru ba ne. A fili ka ci gaba da cewa tsare zaɓaɓɓen shugaba da matarsa ba shari'a zalunci ne, domin zalunci ne. Sunan Bazoum kada ya sauka daga takardarka don an buɗe iyaka, haka sunan irin su Moussa Tchangari, ɗan fafutikar da aka kama a Yamai a Disamban 2024. In an daɗe ana magana a ɗaki ba abin da ya motsa, ka gaya musu tun da wuri cewa za ka fito da ita waje, sannan ka fito da ita.

Ka kuma shirya jin naka. Za su ce maka ina labarin Tudun Biri, inda jirgin sojanku maras matuƙi ya hallaka masu Mauludi a Disamban 2023? Kada ka ɗaure fuska. Ka ce gaskiya ne, ga abin da aka yi, ga wanda ba a yi ba tukuna. Wanda ya amsa nasa shi ke da bakin tambayar na wani.

Kada ka tashi daga teburin sai an tsayar da ranar zama na gaba da wurinsa. In ka dawo gida, ka gaya wa 'yan jarida abin da ɓangarorin biyu suka yarda a faɗa, ka tsaya nan. Bayan mako guda ka sa a kira Magama, Illela, Kamba da Maigatari, a tambayi shugabannin direbobi mota nawa ta tsallaka jiya da abin da aka karɓa a hannunsu. Ka sa a binciko ko likitan da aka yi alkawari ya shiga wurin wanda ke tsare, da ranar da ya shiga. Amsoshin nan su za ka rubuta a saman takardunka uku kafin tafiya ta biyu.