Kurakuran da ake yi wajen neman kiɗa mai sanyi na hutawa a waya

Duk wanda ya taɓa buɗe YouTube da dare ya rubuta "relaxing music" ya san abun da ke fitowa, hoton ruwa na zubowa daga kan dutse, bidiyo mai awa goma, piyano na ta nanata abu ɗaya kamar kiɗan da ake sa ma mutum in ya kira kwastoma kiya aka ce ya jira a layi. Minti biyar mutum ya gundura ya kashe, ya ce ai dama wannan kiɗan ba namu bane. Ina jin wannan maganar sosai a majalisa nan Katsina, musamman wajen samarin da ke wuni a shago ko a kan mashin, su dawo gida kai ya ɗau zafi suna son abun da zai ɗan sauke masu gajiya. Kiɗan yana nan mai kyau kuma da yawa, hanyar neman ce ake kuskurewa tun daga farko.

Kuskuren farko shi ne wancan rubutun na "relaxing music" ko "sleep music". Waɗanda ke cika wannan layin yawancinsu 'yan neman kallo ne, su haɗa sauti na minti uku su maimaita shi har awa goma, yanzun ma da yawa na'ura ce ke haɗa masu, babu wani makaɗi a bayan abun. Gyaran shi ne ka san sunan irin da kake so. In ka rubuta ambient za ka samu sauti mai ja da tsawo wanda yawanci babu ganga a ciki. Downtempo yana da ganga amma a hankali take tafiya, shi ya fi dacewa da wanda ke son hutawa ba tare da barci ya kwashe shi ba. Lo-fi shi ne wanda ɗalibai ke sawa suna karatu, ganga mai laushi da ɗan piyano ko jita. Drone kuma sauti ɗaya ne ake riƙewa ana ɗan juya shi, wannan sai kunne ya saba. Abun da nake hana mutane shi ne rubuta "electronic" shi kaɗai, dan abun da za a watso maka kiɗan rawa ne na kulob mai bugu wajen 120 zuwa 130 a minti ɗaya, ka kwanta da niyyar hutawa ka ji zuciyarka na bin ganga. Haka in ka ga an rubuta "dark ambient" to ka wuce, wannan irin sautin fim ɗin ban tsoro ne, ba abun sawa a ɗaki ƙarfe ɗayan dare wuta ta ɗauke bane.

Sai yarda da suna. Akwai wani makaɗi na Birtaniya da ake ce ma Aphex Twin, duk inda aka yi maganar ambient sai an kawo sunan shi, yana da faifai biyu masu suna Selected Ambient Works. Na farkon da ya fito a 1992 kusan duk da ganga a cikin shi, wasu ma da ɗan sauri. Na biyun na 1994 kuma yawancin shi babu ganga, amma akwai wurare a ciki da za su sa tsikar jikinka ta tashi. Duka biyun aiki ne mai kyau, sai dai wanda ya ɗauko su dan ya ga sunan ambient a jiki ya danna ya rufe ido zai sha mamaki. Sabon faifai da rana ake gwada shi, kana wanki ko kana zaune a shago babu kwastoma, ka ware waɗanda suka kwanta maka ka zuba su a jerinka na kanka, da dare wannan jerin kawai za ka kunna.

Babban kuskuren kuwa a kunnenmu yake. Mu mun taso ne da sauraron magana a cikin kiɗa, in kalangu ya tashi jira muke Shata ya buɗe baki mu ji abun da zai ce, haka waƙoƙin fim, haka na biki. To mutum sai ya kunna ambient ya ƙure murya ya zauna yana jiran a fara waƙa, minti uku shiru, minti biyar shiru, sai ya ce wai har yanzun ba a fara ba? Alhali tuni an yi nisa. Brian Eno, Baturen Ingila da ya raɗa ma wannan kiɗan suna, ya fitar da faifan shi Music for Airports a ƙarshen shekarun 1970 ne bayan ya yi zaman jira a filin jirgin sama na Kolon a Jamus, kiɗan da ake sawa a wurin ya dame shi. Abun da ya nufa shi ne kiɗan da in ka so ka saurara ka ji daɗi, in ka so ka manta da shi ka ci gaba da harkarka. Dan haka rage murya ake yi, ƙasa sosai, har ya zamana ƙarar fanka da kukan gyare na tsakar gida suna shiga ciki. Kada ka zauna kana gadin shi, ka ninke kaya, ka sha shayinka, ka miƙe ƙafa. Kuma kada ka yanke hukunci a daren farko, ka ba faifai ɗaya 'yan kwanaki kafin ka ce bai yi ba.

Wani abun da ke ban mamaki kuma, mutane na ta lalube a Turai da Amurka alhali abun yana nan maƙwabta. Daga Katsina ka bi Jibiya ka shiga Maraɗi, daga Daura ka bi Kongolam sai Damagaram, amma ka tambayi samarinmu waye Mamman Sani na Nijar da wuya ka samu mai amsa maka. Mutumin nan tun ƙarshen shekarun 1970 yake kaɗa ogan na lantarki a Yamai, wani ƙirar Italiya mai suna Orla, yana ɗauko waƙoƙin gargajiya na Nijar har da na Fulani Woɗaɓe da na Buzaye yana maida su kan ogan a hankali, da 'yar gangar na'ura can ƙasa-ƙasa. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗan shi a tsakanin shirye-shirye, shi ya sa in ka kunna ma dattijon da ya yi zaman Maraɗi ko Damagaram zai iya ce maka ai ya san wannan, sunan mai shi ne dai bai sani ba. A 2013 wani ƙaramin kamfanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin shi na farko, La Musique Électronique du Niger, daga nan duniya ta san shi. A ganina duk Bahaushen da ke son shiga wannan harkar daga nan ya kamata ya fara, dan karin sautin ba baƙo bane a kunne, za ka ji kamar ka san inda waƙar za ta dosa ko da babu mai rerawa. Akwai kuma Hama, shi ma ɗan Yamai, wanda kiɗan shi na kibod ya fara yawo ta memori da Bluetooth a wayoyin mutane kafin a buga shi a faifai, Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Nashi ya fi motsi, na yamma ne bayan la'asar in ana shan iska a ƙofar gida, ba na kwanciya ba.

In kunne ya saba sai a ƙara gaba. Hiroshi Yoshimura na Japan, faifan shi Music for Nine Post Cards na 1982 da Green na 1986, sanyi ne zalla babu abun firgita a ciki, shi nake fara ba duk wanda ya ce barci yake nema. Akwai KMRU ɗan Kenya da ke ɗaukar sautin unguwa da na waje yana sakawa a cikin kiɗan shi, faifan shi Peel ya fito a 2020, amma shi yana da ɗan nauyi, a bar shi sai an kwana biyu a harkar.

Yadda ake tambaya ma kuskure ne. Mutum ya je wajen masu turi a kasuwa ko bakin titin Ƙofar Ƙaura ya miƙa memori ya ce a zuba mashi masu sanyi, ya dawo gida ya tarar da waƙoƙin soyayya na Indiya da na nanaye guda ɗari biyu, kuma wallahi mai turin bai yi laifi ba, a wajen shi masu sanyi kenan. Haka a guruf na WhatsApp, ka ce a ba ka kiɗan hutawa kowa ya jefo abun da shi yake so. In za ka tambaya ka faɗi abu uku, sunan faifai ɗaya da ka riga ka ji ya yi maka, lokacin da za ka saurara, sannan kana son ganga da murya ko ba ka so. Ka ce misali ina son irin na Mamman Sani amma babu ganga, na bayan isha'i. Wanda ya san harkar nan take zai gane inda ka dosa. In ka samu faifan da ya yi maka kuma kada ka tsaya nan, ka duba kamfanin da ya fitar da shi a Bandcamp, shafin intanet na sayar da kiɗa, ka bi sauran faifan su ɗaya bayan ɗaya, dan ƙananan kamfanonin nan mutum ɗaya ko biyu ne ke zaɓe da kunnen su. Rediyon intanet ma haka, SomaFM na Amurka suna da tasha mai suna Groove Salad ta downtempo da Drone Zone ta ambient, babu talla ko ɗaya kuma suna rubuta sunan abun da ke tafiya, ka ajiye biro kusa ko ka ɗau sikirinshot. NTS ta Landan ita ma mutane ne ke zaɓe.

Ga masu dogaro da abun da waya ta kawo masu kuwa, ku tuna wayar nan ba ku kaɗai ke taɓa ta ba. Da safe yara sun kalli katun, uwargida ta kalli girki da fim mai dogon zango, kai ka kalli ƙwallo da wa'azi, to da dare YouTube ta ina zai gane me kake nema? Ka buɗe wani akawun daban na kiɗan dare kawai, ko ka riƙa shiga jerinka kai tsaye. A Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, in ka samu waƙa ɗaya mai kyau ka danna rediyon waƙar, zai jero maka makamantanta.

Sai maganar data, wadda ita ce ke korar mutane da yawa. Kunna bidiyo dan sauraron sauti asara ce, kana biyan kuɗin hoton da idonka a rufe yake, ga allo a kunne yana shan caji dan YouTube na kyauta yana tsayawa in ka kashe allo. Lissafin mai sauƙi ne, sauti a 96 kbps yana cin wajen MB 43 a awa ɗaya, a 64 kbps wajen MB 29, bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ka shiga saitin ka rage ingancin sautin, a irin wannan kiɗan da ƙaramar murya da wuya ka ji bambanci. In dole sai YouTube ka maida shi 144p. Wanda ya fi duka ka sauke abun a waya lokacin da kake da garaɓasar dare ko wayfai, Audiomack na bari a sauke da yawa kyauta. Wannan kuma yana maganin talla, dan babu abun haushi irin barci ya fara ɗaukarka sai wani ya fasa ihu a kunnenka yana tallan manhajar bashi. Ka sa taima ta kashe kanta bayan minti 30 ko 45, Spotify da YouTube duk suna da ita, kada abu ya kwana yana yi caji ya ƙare ƙararrawar asuba ta ƙi bugawa.

Lasifikar waya ma tana cutar kiɗan nan. Rabin daɗin shi a sautin ƙasa yake, mai kauri, ita kuwa ba ta iya fitar da shi, sai ka ji wani siririn abu kawai. 'Yar MP ta Bluetooth ko mai araha ce ta fi, ka ajiye ta nesa kaɗan da kai kusa da bango. Masu iyafis kuma kuskuren su ƙure murya dan su danne ƙarar janareton maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na awa 40 a sati, kuma duk ƙarin muryar da ka yi, awannin nan raguwa suke sosai. In janareto ya dame ka gara ka nemi iyafis mai robar da ke toshe kunne da kyau ka bar muryar a ƙasa, kuma kada a kwana da shi a kunne.

Na ƙarshe, waɗannan bidiyoyin masu lambobi, 432 Hz, 528 Hz, wai suna warkar da ciwo, suna wanke ƙwaƙwalwa, suna jawo arziki. Babu wata hujja ta likitanci da ta tabbatar da haka. Hz ɗin nan ma'aunin kaifin sauti ne, yawancin kiɗan duniya ana ɗaure shi ne a kan 440, sauke shi zuwa 432 ɗan rage kaifin sauti ne kaɗan wanda mutane da yawa ba za su ma lura ba. In ka ji daɗin wani a cikin su saurara abunka, amma dan daɗin shi. Wanda kuma ya yi sati da satuttuka barci na gagarar shi, ko yake tashi da faɗuwar gaba, ko kunnen shi ke ƙara shi kaɗai, wannan ya wuce a canza mashi faifai, asibiti ya kamata ya je a duba shi.